Firintata ta ƙi buga baƙi don rawaya ta ƙare: da gaske akwai alamar sirri a takardunmu?

Maman_Sadik ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni, amma ku yi haƙuri sai na ɗan yi shimfiɗa.

Ni malama ce a wata Islamiyyar yamma a nan Kano, aji huɗu nake riƙe da shi, yara 43. Shekara biyu da suka wuce maigidan ya sayo min 'yar ƙaramar firinta ta hannu, irin mai tawadar ruwa, kwanso huɗu gare ta: baƙi, shuɗi, ja da rawaya. Da ita nake buga jarrabawa da jadawalin hadda, don na gaji da aiken yaro shagon bakin titi ya dawo min da takarda an birkita Larabcin, wasali a nan, baƙi a can.

Daren Juma'ar da ta wuce jarrabawar Fiƙihu tana jirana ranar Asabar da la'asar. Sai sha ɗaya saura aka kawo wuta. Na tashi da sauri na jona, ta buga shafi 12 lafiya lau, sai ta tsaya cak, jar fitila tana ƙyaftawa. Na duba kwamfuta, wai rawaya ta ƙare. To ni ina ruwana da rawaya? Takardar nan baƙi ne ƙirin a kan fari fat, ko layin ado ban sa mata ba. Kwanson baƙin kuwa sabo ne dal, bai yi sati uku ba. Na kashe na kunna, na zare kwanson na girgiza na mayar, har hura shi na yi kamar kaset ɗin da. Ko gezau. Ƙarshenta da safe Sadik ya kai filash shago aka buga min sauran 31.

Abin da ya fi ɗaure min kai, tun da aka sayo ta sau biyu kacal na taɓa buga abu mai launi. Ina rawayar ta tafi?

Da na ba wa ɗan yayata labari, shi yana karatu a jami'a, sai ya kwashe da dariya ya ce, "Anti, ai rawayar ce ɗan leƙen asirin. Duk takardar da kika buga sai firintar ta watsa mata wasu ƙananan ɗige-ɗige masu ɗauke da lambarta da ranar da aka buga. Shi ya sa in babu rawaya ba za ta yarda ta yi aiki ba." Na ce lallai biri ya yi kama da mutum.

Ba zan ɓoye muku abin da ya sa maganar ta tsaya min a rai ba. A layinmu an karɓi kuɗin gyaran taransifoma gida-gida tun kafin azumi, har yau daga layin baya muke jan wuta, kuma kowa ya yi gum saboda waɗanda suka karɓa manya ne. Na rubuta wa mai unguwa takarda, ban sa suna ba, na ajiye ta a kwamfuta da niyyar in buga in ba almajiri ya kai. Yanzu kuma gabana yana faɗuwa.

Don Allah masu sani: da gaske ne akwai alamar nan? Ita ce ta shanye min rawaya? Kuma akwai dabarar da zan yi ta buga baƙi zalla?

Ɗan_Fagge_01 ya amsa:

Wa alaikumus salam Anti. Wallahi yaron nan bai yi ƙarya ba, duk abin da Bature ya ƙera sai ya bar ido a ciki. Waya ma tana jin hirarmu balle firinta. Shawarata ki ɗauki biro ki rubuta da hannun hagu, ki ba yaron da ba ɗan unguwarku ba. Allah ya fito muku da haƙƙinku.

Mai_Gyara_Beirut ya amsa:

Malama barka da ƙoƙari. Shekara 14 ke nan ina gyaran firinta a Beirut Road, kuma a sati sai a kawo min irin taki uku ko huɗu da wannan kukan. Ɗan yayarki ya haɗa magana biyu ne ya ƙulla wuri guda. Kowacce gaskiya ce, amma ba uwarsu ɗaya ba. Maganar ɗige-ɗige ta firintar leza ce mai launi, wadda ke aiki da hoda. Taki mai ruwa ce. Ni zan tsaya a kan ruwan, shi na sani.

A cikin firintarki akwai abin da muke kira hed, wato kan da ke zirga-zirga yana fesa tawada. Ƙofofin da ke jikinsa ɗaruruwa ne, kowacce ba ta kai kaurin gashi ba. Firinta mai katirij (wato kwanson tawada) biyu, baƙi ɗaya mai launi ɗaya, yawanci hed ɗinta a jikin katirij ɗin yake, in kin jefar da shi kin jefar da hed ɗin, shi ya sa da yawansu in an zare mai launin sukan ci gaba da baƙi kaɗai. Mai katirij huɗu irin taki kuwa hed ɗin a jikin injin yake zaune, ba a canza shi tare da katirij. In layin rawaya ya bushe iska ta shiga, an gama. A irin na Canon da HP zafi ne ke tura tawadar, kuma ita tawadar ce ke sanyaya wurin, in ya yi ta harbawa babu ruwa sai ya ƙone. Na Epson girgiza ce ke turawa, ba ya ƙonewa, amma in ya toshe sai mun sha wahala kafin ya buɗe, wani ma ba ya buɗewa. Kuɗin sabon hed kuma sau da yawa gara mutum ya sayi wata firintar.

Inda rawayarki ta tafi, ki sa a buɗe miki ƙasan injin ki gani. Akwai wani soso a wurin, na rantse miki ya yi baƙi ƙirin ya jiƙe sharkaf. Lokaci-lokaci, musamman in an kunna ta bayan ta daɗe a ajiye, firinta takan zuƙo tawada daga dukkan launukan ta wanke ƙofofinta ta zubar a soson nan. Wannan ƙugin da kike ji tana yi kafin ta fara aiki, kuɗinki take kurkure baki da shi. Mu kuma a nan abu biyu ne ke ƙara mana: ɗauke wuta da hunturu. In aka ɗauke wuta tana tsakiyar aiki, hed bai koma mazauninsa an rufe shi ba, to in ta tashi sai ta yi babban wanki. Iskar hunturu kuma ba ta barin komai da danshi. Bayan haka, in saitin takarda yana kan ta hoto, ko akwai toka-toka a shafin, da yawansu launuka suke cakuɗawa su fitar da baƙin.

Amma kada ki ce ina wanke kamfanonin. Hujjar hed gaskiya ce, sai dai sun fake da guzuma suna harbin karsana. Injin suke sayarwa da araha su ci riba a tawada. Ɗan cip ɗin da ke jikin katirij a mafi yawansu ba auna ruwa yake ba, lissafi yake yi na abin da aka fesa, in lissafin ya cika sai ya ce ya ƙare. Na sha fasa katirij "ƙararre" in tarar da sauran ruwa a ciki.

Kuma ba mu kaɗai ke kuka ba. A watan Satumba na 2016 firintocin HP masu yawa a Turai da Amurka suka wayi gari sun daina karɓar katirij ɗin da ba na kamfanin ba, saboda wata sabuntawar manhaja da aka tura musu tun watanni kafin ranar. Sai da kamfanin ya ba da haƙuri, amma tsarin bai mutu ba, yana nan da sunan Dynamic Security. A 2020 hukumar kula da gasar kasuwa ta Italiya ta ci su tarar Yuro miliyan 10 kan rashin bayyana wa masu saye wannan tarnaƙi yadda ya kamata. A Amurka an kai Canon kotu a 2021, HP ma daga baya, kan injinan da in tawada ta ƙare ko sikanin ba sa yarda su yi, alhali sikanin ba ya cin ko ɗigo. Abin dariyar shi ne farkon 2022, lokacin da cip ya yi ƙaranci a duniya: Canon da kansu suka sayar da hodar wasu manyan injinansu babu cip, suka kuma koya wa mutane yadda za su tsallake gargaɗin da injin zai nuna.

Wani abin da masu sayen ta hannu ba sa sani: katirij yana da yanki. Wanda HP ke kira 61 a Amurka, shi ne 301 a Yammacin Turai, shi ne 122 a nan Afirka da Gabas ta Tsakiya. Kamanninsu ɗaya, ramin ɗaya, amma injin da aka shigo da shi daga Ingila in ka sa masa 122 sai ya ce bai san zancen ba.

Abin da za ki gwada: ki shiga saitin bugawa ki zaɓi takarda gama-gari, ki zaɓi baƙi da fari kaɗai. Wasu na Epson da Brother sukan ba da rangwamen ɗan lokaci a haka. In Canon ce, a yawancin ƙananan, danne maɓallin tsayarwa na daƙiƙa biyar ko fiye yana sa ta daina duba yawan tawada, sai dai daga nan alhakin hed ɗin a wuyanki yake. In tana haɗe da intanet ki kashe mata sabuntawa ta kai tsaye. Ki riƙa kashe ta da maɓallinta kafin ki zare soket, ki lulluɓe ta da zane. Gaskiyar magana dai, mai buga jarrabawar yara 43 ba wannan ce firintarta ba. Ko ki nemi leza baƙi da fari, hodarta ba ta bushewa ko ta shekara a ajiye, ko mai tanki da ake ɗura wa tawada daga kwalba.

Binta_Lissafi ta amsa:

Anti sannu da fama. Oga Mai Gyara ya gama da tawada, bari in ɗauki ɗige-ɗigen, don na taɓa yin aikin aji a kansu kuma na gan su da idona.

Tun shekarun 1980 aka fara abin, lokacin da injinan kwafi masu launi suka fara kyau har gwamnatoci suka tsorata kada kowa ya zauna a ɗaki ya buga kuɗi. Xerox da Canon su ne kan gaba. An yi wajen shekara 20 jama'a ba su sani ba, sai a 2004 da aka ji hukumomin Holan sun bi sawun wasu masu buga jabu ta alamar da injin Canon ya bari, mujallar PC World ma ta yi rahoto a kai a shekarar. A 2005 wata ƙungiyar kare haƙƙin masu amfani da na'urori a Amurka, EFF, ta roƙi mutane su aiko mata da shafukan gwaji, ta zauna ta warware na injinan Xerox DocuColor. Abin da ta samu: wani ɗan allo ne na ɗigo 15 a kwance, 8 a tsaye, ana maimaita shi ko'ina a shafin, ta yadda ko yage takardar aka yi guntunta ya isa. A ciki akwai siriyal lambar injin, da ranar da aka buga, da awa da minti. Kowane ɗigo faɗinsa kamar kashi ɗaya cikin goma na milimita ne, tsakaninsu kamar milimita guda. Rawaya a kan fari kuwa ido ba ya kama ta, shi ya sa aka zaɓe ta. Hukumar Secret Service ta Amurka, wadda yaƙi da jabun dala yana cikin aikinta, ba ta musa cewa akwai fahimta tsakaninta da masu ƙera injinan ba.

Labarin da ya fi shahara shi ne na Reality Winner a 2017. Tana aiki da wani kamfani mai kwangila da hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA a jihar Jojiya, ta buga wani rahoton sirri kan kutsen Rasha a zaɓen Amurka na 2016 ta aika wa jaridar The Intercept ta gidan waya. Da jaridar ta wallafa hoton takardar, masana suka ƙara girmansa suka karanta ɗige-ɗigen: 9 ga Mayu 2017, ƙarfe 6:20, ga lambar injin. An yanke mata shekara 5 da wata 3. Amma Anti ki lura da wani abu, don ya shafi tambayarki. A takardar da FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, ta kai kotu, abin da ta dogara da shi daban ne: an ga alamar ninki a hoton, aka gane bugawa aka yi aka fitar da hannu, aka duba rajista aka ga mutum shida ne suka buga rahoton, a cikin shidan ita ce aka samu ta taɓa musayar imel da jaridar daga kwamfutar ofis. Ko babu ɗigo ko ɗaya da an kai gare ta.

A 2018 masu bincike a jami'ar fasaha ta Dresden a Jamus suka duba samfurin firinta 106 na kamfani 18, suka gano salon ɗige-ɗigen kala huɗu ne, har suka fitar da manhaja mai suna DEDA da ke karanta su, tana kuma iya cika shafin da ƙarin ɗigo don a rikita mai karatu. EFF kuwa daga baya ta daina sabunta jerin injinanta, ta ce a ɗauka kawai duk leza mai launi ta zamani tana barin wata alama, ko da ba rawaya ba ce.

Duk wannan a kan leza mai launi ne da manyan injinan kwafi. A ƙananan masu tawadar ruwa irin taki ba a samu wannan tsarin ba, leza baƙi da fari kuma ba ta da rawayar da za ta ɗiga. Sannan lambar inji ba sunan mutum ba ce. Sai an je an haɗa ta da rasit ko rajistar garanti, ko a zo a ɗaga injin a duba bayansa. Firintar da ta ratso teku ta wuce hannu uku kafin ta iso gidanki, wa zai bi wannan sawun saboda kuɗin taransifoma?

Akwai wata ƙanwar wannan dabara da ke aiki ta ɗaya gefen. In kin samu dala 20 ki juya bayanta, za ki ga ƙananan "20" rawaya a warwatse. Sifirin cikinsu an jera su ne biyar-biyar a wani tsari da injin kwafi mai launi yake ganewa, da ya hango shi sai ya ƙi kwafa. Wani masani a jami'ar Kambirij ta Ingila, Markus Kuhn, shi ya gano tsarin a jikin Yuro 10 a 2002 ya raɗa masa suna EURion.

In kina son gani da idonki, ki nemi takardar da aka buga da babban inji mai launi, irin wanda masu buga kati ke kira DI. Ki shiga ɗaki mai duhu ki haska farin wurin da shuɗiyar fitila, irin ta jikin makulli ko ta wasan yara. Rawaya tana shanye shuɗin haske, sai ɗigon ya fito baƙi-baƙi. Ki haɗa da gilashin ƙara girma, ko ki matso da kyamarar waya sosai.

Dattijon_Gwammaja ya amsa:

'Yata, ni shekara 22 na yi ina buga tafireta a ofishin ƙaramar hukuma kafin kwamfuta ta kore mu. A lokacin ma duk takardar ƙorafi marar suna da ta shigo, kafin azahar mun san daga wane ofis ta fito, domin kowace tafireta da lahaninta: wannan "a" ɗinta ta karkace, waccan "r" ɗinta tana hawa sama. In ba a gane injin ba a gane alƙalamin. Ke malama ce, na tabbata takardar taki da basmala ta fara, akwai aya a tsakiya, akwai hadisin amana a ƙarshe. Mata nawa ne a layinku za su rubuta haka? Kuma in kika kai shago, yaron shagon ya riga mai unguwa karantawa, kwafinta kuma yana nan a kwamfutarsa.

Takarda marar suna ƙarƙashin tabarma ake tura ta. Ki nemi gida goma da suka biya, maza da mata, kowa ya sa hannu, maigidanki da mutum biyu su kai da rana tsaka. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Maman_Sadik ta amsa:

Kai jama'a, Allah ya saka da alheri. Baba Dattijo ka ba ni kunya wallahi, sai da na koma na buɗe takardar: basmala tana nan, aya tana nan, hadisin ma yana nan, har da fassara. Ko Sadik aka ba wa ya karanta zai ce Umma ce.

Malam Mai Gyara, na bi saitin da ka ce, takarda gama-gari da baƙi kaɗai. Ta tambaye ni ko na yarda, na ce na yarda, ta buga min jadawalin hadda shafi shida. Jiya kuma ta sake tsayawa, rangwamen ya ƙare ke nan. Na aika an tambayo kuɗin rawayar asali, da na ji sai da na zauna. Na sa an buɗe ƙasan kuma, soson yana nan yadda ka faɗa, har ya fara tsatsafowa ya ɓata min ledar tebur, ni da nake zargin yara da zubar da tawadar allo.

Binta, gani ya kori ji. Bara da muka yi saukar ɗalibai an buga mana takardun shaida masu launi a wajen masu DI, akwai guda biyu da aka yi kuskuren suna suka rage a wurina. Daren jiya da aka ɗauke wuta na karɓi 'yar motar wasan Sadik mai shuɗiyar fitila, na ɗauko tabaran karatun maigidan na kara a kan kyamarar waya. Da farko ban ga komai ba, har na ce yarinyar nan ta sa ni aikin banza. Da na kwantar da hasken ta gefe sai ga su, ƙanana kamar an barbaɗa garin kwalli, a jere, su tsaya su sake farawa, har kan farin gefen da babu rubutu. Tsigar jikina sai da ta tashi. Na ɗauko takardar Fiƙihun da tawa ta buga na haska ta ciki da bai, babu komai sai zanen yatsan manja.

Maganar taransifoma, na faɗa wa maigidan, ya yi shiru ya ce ashe shi ma abin yana cinsa. Zuwa yanzu gida bakwai sun ce za su sa hannu, biyu sun ce sai sun ga sunan wasu tukuna. Na cire hadisin, na bar ayar.

Malam Mai Gyara, leza baƙi da farin nan, ta hannu mai lafiya nawa za ta kai yanzu? Kuma ƙaramin janareto zai ɗauke ta?

Mai_Gyara_Beirut ya amsa:

Farashi kam sai ranar da kika shigo, dala ba ta barin mu mu yi alƙawari. Amma janareto ki kula: leza tana da wani abu da ke gasa hodar a jikin takarda, lokacin da yake ɗaukar zafi yana jan wuta kamar dutsen guga. In ƙaramin nan ne na fitila da fanka, za ki ji ya shaƙe. In da shi za ki dogara, mai tanki za ki saya, ki riƙa buga ko shafi ɗaya mai launi duk Juma'a don kada ta bushe. Ki turo Sadik da tsohuwar in canza mata soso kafin ta gama da teburin.